Tafin Hannun Baba Iliya

Shagona na ɗinki yana jikin na Baba Iliya a Unguwar Shanu, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka shekara goma sha biyu ina shan kiɗa kyauta, ko ina so ko ba na so. Mutumin Kafanchan ne, gajere, mai yawan tsaki. Idan rediyo ko sifika ta mutu a unguwar nan, wurinsa ake kai gawa. Sai dai sana'ar ta cinye masa kunne, sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka. Nakan tsokane shi in ce ji yake yi, abin da ya ga dama ne yake amsawa.

Da tafin hannu yake aiki. Zai ɗora hannu a kan akwatin sifika, ya runtse ido, ya gaya maka inda ciwon yake.

A daminar bara waccan tsawa ta ƙona babbar wufar cocinsu da ke Kawo, wato akwatin sauti mai sifikoki biyu da amfilifaya mai ba su ƙarfi a cikinta. Dattawan coci suka ce a ba 'yan gwangwan, Iliya ya roƙa aka bar masa. Ya kwance ta, ya taɓa wayoyin sifikokin biyu da batirin tocila, kowacce ta motsa. "Maman Nusaiba, zo ki gani," ya ce da ni. "Amfilifayar ce ta mutu, waɗannan da ransu." Na ce to Allah ya raya.

Wata uku yana kansu. Ya sa kafinta ya yi sabon akwati, ya yi ta zarya kasuwa har ya samo amfilifaya daidai ƙarfinsu, don wai in ta fi ƙarfinsu ƙona su za ta yi. Ranar da ya kunna, alluraina sai da suka yi rawa a gwangwani. Shi ba ya jin waƙar, amma ya rungume akwatin yana murmushi. Ya ce da ita za a yi bikin 'yarsa Comfort, don wufar nan kaɗai ce kiɗanta ke kai masa har ƙirji.

Sai ga Barnabas, amininsa, wanda suka zo Kaduna a mota ɗaya shekara arba'in da suka wuce. Hayar kayan sauti yake bayarwa a Mando. Ya ce a ara masa wufar ta mako guda. Iliya da ko sukundireba ba ya ba da aro, ya taya shi ɗora ta a Keke Napep da hannunsa.

Saura kwana biyu biki aka dawo da ita, an goge ta tas. Iliya ya kunna. Ni dai a kunnena lafiya lau. Ya ɗora hannu, ya daɗe, ya sauya hannu. Sannan ya ɗauko sukundireba ya buɗe akwatin. Wasu sifikoki ne a ciki, marasa nauyi, mayen ƙarfensu bai fi murfin kwalba ba.

Da la'asar Barnabas ya zo da buhun shinkafa, gudummawar biki. Iliya ya nuna masa akwatin a buɗe. Da farko Barnabas ya yi ta rantsuwa, daga baya ya amsa cewa ya sayar wa wani mai gidan biki sifikokin na asali. Sai ya juyo gare ni, ya sassauta murya. "Maman Nusaiba, ki ba shi haƙuri. Mutumin da ba ya ji, me zai yi da manyan sifikoki? Na ɗauka ba zai gane ba."

Raina ya ɓaci. Satar ba ta ƙona ni kamar wannan maganar ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Iliya ya ɗaga mini hannu.

"Ba sai kin maimaita mini ba," ya ce. "Shekara arba'in ina kallon bakin nan."

Ya sa aka mayar wa Barnabas shinkafarsa.

An yi biki, an yi kiɗa da wufar, mutane suna ta yaba aikin Baba Iliya. Ina kallonsa lokacin da Comfort ta fito rawa. Yana tsaye kusa da akwatin, hannayensa biyu a cikin aljihu.