Layin Alli Daga Gado Zuwa Ƙofa

Malamin kimiyya ne a sakandare har ya yi ritaya, kuma da darasi guda tsofaffin ɗalibansa suka fi tuna shi. Yakan ja layi da alli a daɓen aji, ya ɗora bokiti a ka, ya tsaya.

"Haka cikin ƙwayar halitta yake," in ji shi. "Akwai wasu ƙananan furotin masu ƙafa biyu, 'yan dako ne, suna bin layi da kaya. Ba sa ɗaga ƙafa sai sun fasa ƙwayar makamashi guda."

Sai ɗalibi ya miƙo masa alawa, ya tauna, ya yi taku ɗaya. Ba alawa, ba taku.

Matarsa ce ke sayo alawar. Takan ce, "Malam, kwaɗayi ne dai ka sa wa rigar ilimi."

Bayan ritayarsa ƙafafunta suka fara nauyi. Likita ya ce ciwon jijiya ne, abin da ya kamata ya isa ƙarshen jijiyar ba ya isa. Malam bai yi tambaya ba. Ya san 'yan dakon nan ne suka ajiye kaya a hanya.

Da suka koma gida ya ja layi daga bakin gado zuwa ƙofar ɗaki. Kowace safiya ta dafa kafaɗarsa, ya ba ta alawa, ta taka. Da farko tana kaiwa ƙofa tana dariya. Daga baya sai ta tsaya a tsakiya, alawa a baki, ƙafa ta ƙi.

Sai ya shiga goge ƙarshen layin da tsumma idan tana barcin rana, kaɗan-kaɗan, don ta riƙa kaiwa.

"Kin kai, maman yara," yakan ce.

"Na kai," takan amsa.

Wata safiya ta daɗe tana kallon ɗan guntun da ya rage.

"Malam, ƙofar ce ke gudu, ko allinka ne ya ƙare?"

Ya sunkuyar da kai.

"Mayar da shi har ƙofa," ta ce a hankali. "Ai za a bi ta kansa da ni. Ba dole sai da ƙafata ba."

Ya durƙusa ya ja shi har ƙofa, layin ya ɗan karkace.

Ranar da 'ya'yanta suka ɗauko ta zuwa makwancinta, ƙafafunsu ne suka share allin. Sauran alawar na nan a gwangwani kan taga.