Ƙarafan Awo a Cikin Gurun Ƙanena

Edita, ina yi maka sallama. Ni tsoho ne yanzu, kuma akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, yau dai zan fito da ita. A ƙarshen zamanin Faransawa ni mahauci ne a zangon Sokode, ga baki ga taurin kai. Gidanmu gidan dambe ne tun kakanni, amma ni ban taɓa kai kowa ƙasa ba. Ƙanena Allah ya ba hannu. Ɗan firit ne, amma in ya kai naushi ba ka ganin fitowar hannun, sai dai ka ga mutum a ƙasa. Ni kuwa na zama bakinsa, ni ke yi masa kirari, ni ke zaɓa masa abokin karawa.

Wata rana muka ji a rediyon wani attajirin zango cewa wani ɗan Najeriya ya zama zakaran duniya a damben Turawa, kuma wai ɗan ƙaramin mutum ne, a ajin marasa nauyi. Nan kaina ya ɗau zafi, na ce ai ga irinsa a gidanmu. Akwai wani tsohon soja da ke koya wa samari damben safar hannu a bayan lakwal, wato makarantar boko, ƙanena na zuwa wurinsa. Tsohon sojan ya yi mini bayani ya fi sau uku cewa zakaran nan da sa'anninsa a nauyi kaɗai yake karawa, kuma sai an ɗora kowa a sikeli. Na yi masa dariya, na ce wannan tsoron Nasara ne. A dambenmu, ƙaramin da ya kayar da ƙato shi makaɗa ke yi wa waƙa.

Da aka shirya wasa a Dapaong ranar bikin Faransawa, a gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, mu uku muka hau motar kaya: ni da ƙanena da tsohon sojan. Mun isa muka tarar wanda aka tanadar wa ƙanena yana kwance da zazzaɓi. Saura mutum ɗaya, wani manomi mai faɗin ƙirji, wanda ya fi ƙanena nauyi nesa ba kusa ba. Tsohon sojan ya ce babu wasa sai in sikeli ya yarda. Ƙanena ya ce mu koma gida. Ni kuwa na tuna cika bakin da na yi a mahauta, na ga ba ni da fuskar komawa haka.

Da safe na ari ƙarafan awo wajen mahaucin da ya sauke mu. Na farke gurun da ƙanena ke ɗaurawa a ƙugu, na cusa su tsakanin layu, na ɗinke. Na san babu wanda zai ce wa ɗan dambe ya cire layarsa. Na sa ƙanena ya cika ciki da tuwo da ruwa. Ya ce mini gabansa na faɗuwa, amma tunda Yaya ya ce, to. Da ya hau sikeli, allurar ta yi ta rawa. Ta tsaya daidai inda ake so. Tsohon sojan ya dubi allurar, ya dube ni, sannan ya rubuta.

Kafin a shiga fage na karɓi gurun na ɗaura a ƙarƙashin rigata. Zagaye biyu ƙanena yana zillewa yana kai naushi, mutane na ta ihu, amma manomin ko gezau. A na uku ya matse shi a jikin igiya, ya sakar masa ɗaya a gefen kunne. Yadda ya faɗi, ban taɓa ganin ɗan dambe ya faɗi haka ba. Muka ciccibe shi zuwa wajen likita. Ina sunkuyawa zan kwantar da shi ɗinkin gurun ya ɓalle, ƙarfe ɗaya ya faɗo ya gangara har ƙafar tsohon sojan. Ya ɗauka, ya juya shi, ya miƙo mini. Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba.

Kwana uku ƙanena bai san inda yake ba. Ya farfaɗo da rawar hannu da nauyin harshe, bai ƙara riƙe wuƙar fawa ba, balle ya shiga fage. Inna ta tambaye ni abin da ya faru, na ce ƙaddara ce. Shi kuwa bai taɓa tona mini asiri ba. Daga baya na ji zakaran nan ɗan Najeriya ya ajiye dambe da lafiyarsa, yana koyar da matasa, raina ya yi ta suya.

Ina kira ga duk wanda Allah ya ba ƙane ko ɗa mai baiwa: kada ka sayi suna da jikin da ba naka ba, kuma dokar da ba ka gane ba, tambayi dalilinta kafin ka raina ta. Wanda ke jin nauyinka zai iya ce maka to alhali ransa na cewa a'a. Sai da ciwon ajali ya kama ƙanena na iya buɗe baki na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe tun tuni. Sannan ya gaya mini, da harshen nan nasa mai nauyi, cewa ranar da yake tsaye a kan sikelin, addu'a yake ta yi a ransa kada allurar ta kai.