Tafiretar Kawu da ruwan teku

Kawuna bai taɓa ganin teku ba, ko rafi ya cika sai ya nemi mai riƙe masa hannu. Amma duk Gwarzo babu wanda ya kai shi dogara da teku.

Sana'arsa buga takardu da tafireta a wata rumfa kusa da kotu. Da kwamfuta ta shigo gari, jama'a suka watse suka bar shi yana korar ƙudaje. Abin kunyar ma, ɗaya daga cikin shagunan kwamfutar nawa ne. Na sha roƙonsa ya zo in koya masa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "The tide will turn."

Ya yi ta fassara mana har muka haddace. Wai a ƙasar Turawa ruwan teku yakan janye ya bar jirage kafe a yashi. Masu jirgi ba sa tayar da hankali, zama suke yi su jira, don tabbas zai dawo ya ɗaga su. Daga nan, in ji shi, aka samo maganar, wato wanda zamani ya juya wa baya ya yi haƙuri, zai juyo.

"Malam," in ji matarsa, "su masu jirgin, kafin ruwan ya dawo, yashin matansu ke dafawa?"

Kwatsam wata makaranta a Kabo ta aiko tana gayyatarsa, har da tafiretar. Bakin Kawu har kunne. Ya goge ta da man keke, ya zuba babbar riga, ya ce in kai shi a babur. Duk tsawon hanya yana rungume da ita, yana yi mini nasiha in fara neman wata sana'ar tun da wuri.

Ashe ranar al'adun gargajiya suke yi. Aka zaunar da shi tsakanin akushi da fitilar aci-balbal, ga dutsen niƙa a gefe. Yara suka yi layi, kowa ya danna harafi ɗaya ya yi ihu, malamai na ɗaukar hoto da waya. Wata yarinya ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Baba, da idonka ka ga zamanin da ake aiki da wannan?"

Dariya ta taso mini, da na dubi fuskarsa sai ta koma. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Duk da haka bai tashi ba, sai da ya buga wa kowane yaro sunansa.

Da aka tashi muka kamo hanyar gida. Muna shiga gari ya taɓa kafaɗata.

"Kai, ita waccan abar taka, wutarta ba ta jan mutum?"

"Ba ta ja, Kawu."

"To, gobe zan leƙo. Amma ka sa mini kujera can ciki, inda masu wucewa ba za su gan ni ba."