Ɗakin da Mai Igiya Bai Rufa Ba

Mai Igiya ake ce masa, domin ko ta'aziyya zai je, igiyar awon gini tana aljihunsa. Magini ne, daga baya ya zama shugaban magina. Gajeren mutum, mai faɗin tafi, mai dariya ƙasa-ƙasa. Allah ya jiƙansa.

Duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san halinsa. Kafin a haƙa tushe, sai ya zaunar da mai gida a kan bulo, ya tambaye shi ɗaki nawa yake so da watan da zai tare. In sun daidaita, magana ta ƙare. Ranar da mai gida ya dawo da sabon tunani sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan wani aikin ne. Mu gama wannan tukuna." Ya san ranar da yashi zai iso, ya san leburorin da ba a haɗa su wajen kwaɓa siminti. Yana kuma da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa: ba a ɗora kwano sai bangon gida duka ya kai tsayi ɗaya, don rufin da aka yi kashi biyu yoyo yake yi a mahaɗa.

Abokinsa kafinta, wanda ke yi masa rufi tun suna samari, shi ya ga abin da ƙa'idar nan ta yi wa gidan Mai Igiya na kansa.

A gidan haya suke zaune da matarsa da yara, ɗaki biyu, igiyar shanya ɗaya da maƙwabta, layin banɗaki kowace safiya. Abin da matar ke so a duniya shi ne ta fita daga nan. Ya sami fili a bayan gari, ya ja ɗaki uku. Bango ya wuce taga sai aka haifi mace, ya ce 'ya mace sai da ɗakinta. Wancan na tasowa mahaifiyarsa ta dawo wurinsa, ya ja mata nata. Babban ɗansa ya gama makaranta, ya ja masa shago a bakin ƙofa. Kowane sabon ɗaki daga ƙasa yake farawa, tsofaffin kuma su tsaya jiransa, rana da ruwa na dukansu.

Wata ranar hutu matar ta kawo musu abinci filin, shi da kafinta. Ta tsaya cikin ɗakin farko, ciyawa har gwiwarta.

"Baban yara, ka rufa mini wannan kawai. Ko ba ƙofa, zan rataya labule."

"Ki ƙara haƙuri, uwargida. Saura layin bulo kaɗan."

"Da wani ne ya yi maka wannan ƙare-ƙaren, da tuni ka tattara kayanka ka bar masa," in ji kafinta.

"Kai dai adana kusoshinka."

"Sun yi tsatsa, na sayi wasu, su ma sun fara."

Suka yi dariya su biyu. Ita ta tattara kwanukanta.

Tsohuwa ta rasu ɗakinta bai kai taga ba. 'Yar da aka ja wa ɗaki ta girma, daga gidan haya ta tafi gidan mijinta. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da Mai Igiya. Kafinta ya je duba shi asibiti da hantsi, ya tarar hannun nan mai faɗi ya zama ƙashi.

"Aboki, aikin mutane akwai mai cewa ya isa. Nawa ba wanda ya ce."

"Uwargida ta ce mana."

Mai Igiya ya dubi silin. "Ta ce. Ni ne ban ɗauke ta mai gida ba."

Bai tashi ba. Bayan rasuwarsa kafinta ya tara tsofaffin yaran aikin marigayin, suka rufa ɗaki biyu, suka sa ƙofa da taga, suka bar sauran yadda suke.

Ranar tarewa matar ta shiga ɗakin farko, ɗanta da kafinta na biye da ita ɗauke da gado. Ta dubi bango huɗun, ta shafa ɗaya, ta juyo wurin kafinta.

"Baba kafinta, wane gefe ya ce za a sa gadon?"

Kafinta bai sani ba. Mai Igiya bai taɓa zana gidan a takarda ba, a kansa yake. Suka tsaya riƙe da gadon a tsakiyar ɗaki, har ta nuna musu gefen taga.