Teburin Herminia

Yayata Herminia shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a tsaye a kamfanin tantance inabi na nan garin Fresno, har jijiyoyin ƙafarta suka fito ruɗu-ruɗu. 'Ya'ya biyar ta raina a gida mai ɗaki biyu. Ba ta taɓa samun inda za ta zauna ita kaɗai ba, ko addu'a a bakin murhu take yi tana juya wake.

Da mijinta Anselmo ya rasu, autarta Nereida ta ce ta dawo gidansu ta huta. Hutun kuwa girki ne da wanki. Abu ɗaya ta roƙa, wani lungu tsakanin injin wanki da bango. Ta share shi, ta shafa masa shuɗin fenti da hannunta, ta ajiye ɗan teburin da Anselmo ya ƙera. Ta ɗora hoton Budurwa Maryamu da na marigayin, da carbi da kyandir, da furen da take sauyawa duk Asabar. Kullum da safe sai ta ja kujera ta yi rabin awa a nan, kuma cikin wata takwas har ƙiba ta yi.

Sai mijin Nereida, Gilberto, ya sa gidan a kasuwa. Dillaliyar da ya ɗauko ta ce masu saye ba sa son ganin irin waɗannan tarkacen. Ba wanda ya gaya wa Herminia. Suka jira ranar Laraba da na kai ta ganin likita, abin da har yau yake ƙona min rai ke nan. Muka dawo muka tarar an shafe lungun da farin fenti. Kayanta na cikin kwali a gareji kusa da galan ɗin mai, gilashin hoton Anselmo ya tsage.

"Wa ya taɓa min?" in ji ta.

Gilberto ya ce, "Ni ne, Mama. Ai Allah na ko'ina, ko a gareji zai ji ki."

"To kai ma kwashi katifarka ka koma can, tunda yana ko'ina."

Nereida ta ce, "Haba Mama, sati biyu ne fa kawai. Don Allah kar ki mai da shi abin magana."

"Ɗaki na roƙe ki? Wurin da ko kare ba zai miƙe ƙafa ba na roƙa. Ubanki kika bari aka cusa a kwali kamar tsohon takalmi, kuma ni ce mai neman magana."

Ranar Lahadi aka buɗe gidan don masu saye su duba. Herminia ta dawo daga coci, ta ce in kama mata teburin. Muka fito da shi ƙofar gida, dab da allon da aka rubuta na sayarwa ne. Ta jera kayanta, ta kunna kyandir, ta zauna tana jan carbi. Duk mai shiga sai ya ratsa ta gabanta. Wani dattijo har ya cire hula ya tambaye ni ko mutuwa aka yi a gidan. Na ce ya tambayi masu gida.

Dillaliyar ta zo tana murmushin dole, ta ce, "Baiwar Allah, ba za ki ɗan matsa baya ba?"

Herminia ba ta ko ɗaga kai ba. "An riga an matsar da ni sau ɗaya a satin nan. Ya isa."

Har aka tashi ba wanda ya taya gidan. Da la'asar Herminia ta haɗa akwatinta ta biyo ni gidana, na fitar da keken ɗinkina daga ƙaramin ɗakina na ba ta ɗakin, da makullinsa.

Yanzu shekararta saba'in da huɗu. Tana amsa wayar Nereida, amma ba ta taka sabon gidansu ba. Da Kirsimeti Gilberto ya zo ban haƙuri. Ta amsa gaisuwarsa a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce ya shigo ba. Ni ma ban ce ba.