Buzun da Ba Kowa a Kai

Ranar Laraba ce, da hantsi, saura wata guda damina ta faɗi. A rumfar shari'a ta Damagaram akwai kumandan, Baturen da ke mulki, da tafintansa, da dattawa biyu cikin ukun da ke zama da shi. Buzu na uku yana shimfiɗe ba kowa a kai. Ni da wana mun kwana biyu a hanya daga Matameye.

Gonarmu ce ta kawo mu. Mahaifinmu ya ba wani mutumin Dawce aronta a shekarar yunwa, ɗan mutumin kuma ya ce noman shekaru ya mai da ta tasu. Kumandan ba ya jin Hausa. Inda biyu cikin ukun suka karkata, nan yake sa hannu. Biyu cikinsu malamai ne, suna cewa aro ba ya cinye gado. Na ukun, basarake, yana bayan mai noma. Mun san wannan tun daga gida, shi ya sa muka taho da ƙarfin gwiwa.

A bakin rumfar muka ji cewa babban malamin ya rasu. Tafinta ya tambaye mu: a yanke yau da mutum biyu, ko mu jira a cike gurbin? Na dubi wana. Ya ce a jira, don a saninmu buzun malami ɗansa ke hawa, ɗan kuwa a gaban uban ya yi karatu. Har gida muka je muka yi masa ta'aziyya, wana yana ce masa "Allah shi gafarta malam" kamar an riga an naɗa shi.

Da muka dawo bayan sadakar arba'in, wani muka tarar a kan buzun, ƙanen wani hakimi. Wai kumandan ne ya zaɓo shi daga wata takarda.

Na ce wa tafinta, "Ranka ya daɗe, doka aka sake?"

"Ba a sake komai ba, malam. Mutum ɗaya ne ya rasu."

Shaidunmu su ne na da, maganarsu ba ta canza ba. Malamin da ya rage ya faɗi abin da ya saba faɗi, biyu suka faɗi akasinsa, kumandan ya sa hannu. Har muka kai Matameye wana yana tambayata ko da mun ce a yanke ran nan da ya fi. Ban sani ba, har yau.

Lokacin ruwa ya riga ya sauka. Mutumin Dawce ya shuka gero a gonar, jikokinsa ke nomanta yanzu.