Tsokar da Inna Ta Tsinta Bayan Rumbu

Ina ƙarama a Bodinga, zamanin da Nasara ke mulki, kakata Inna Ige takan zo mana daga Shagari bisa jaki duk Babbar Sallah. Mace ce marar yarda. Ko goro aka ba ta, sai ta ɓare shi ta leƙa cikinsa kafin ta kai baki. Da an yi sallar lisha mukan kewaye murhun da aka sauke tuwo, ita tana tura kara cikin wuta, ni kuma ina rungume da kyanwata, wadda muke kira Hwara.

A waccan shekarar akwai magana a ƙasa. Maƙwabcinmu Malam Buhari maɗinki ya ce Hwara ce ta sace masa nama a kan igiya bara, kuma ya ce idan ta kuma, ba za ta ga wata Sallar ba. Inna ta ji wannan tun kafin ta kwance kayanta. Sai daren jajibiri ta gyara zama za ta yi mana tatsuniya, ta ce, "Ga wata nan ta zaka muku." Muka ce ta iso, muna ji.

Wai wata tsohuwa ce take da mussa, haka Inna take kiran kyanwa, wadda ta hana ɓeraye sakat. Ɓerayen suka ga da ƙarfi ba za su iya da ita ba, sai da zumunci. Ranar Sallah suka samo hanta, suka cusa ƙayar aduwa a cikinta, suka ajiye a bakin ƙofa, suka yi wa mussa barka da Sallah daga nesa. Tsohuwa ta sha gaya mata kada ta ci abin da ba hannunta ya ba ta ba. Amma ranar tana fama da baƙi da tukunyar suya, ko waiwayowa ba ta yi ba. Mussa ta haɗiye hanta.

Na matse Hwara na ce, "Inna, ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, amma muryatta ta tahi. Shi as sa wani lokaci mussa ka buɗe baki ba ka jin komi." Ta kalli dangar da ta raba mu da gidan Malam Buhari. "Ranar Sallah kowa idonai na ga nama. Ga wuƙa, ga mai na tahwasa, ga ƙashi, ga kuma mai ƙulli cikin ciki."

Da aka yanka rago, Inna ta kife Hwara da babban kwando a ɗakinta, ta ɗora dutse. Hwara tana kuka, ni ina kuka. Ruwa da ɗan nama ma, da hannunta take miƙa mata.

Washegari, ana tsakiyar suya, Inna ta zagaya bayan rumbu ta dawo da wata tsoka a tsire jikin kara. An barbaɗe ta da wani gari mai kama da toka. Ta nuna wa mahaifiyata, su biyun suka juya suna kallon danga. Jim kaɗan matar Malam Buhari ta yi sallama da kwanon naman layya. Inna ta amsa da ƙyar, ta bi ta da ido har ta fita, ta ce a kai kwanon can gefe, kada wanda ya taɓa.

Da yamma ta ajiye tsokar a gaban mahaifina. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ni na aje ta. Maganin ɓera ne na sawo a kanti a Sakkwato. Sun dame ni a rumbu, ga nama a gida. Wallahi na manta da kyanwar yarinyar nan."

Inna ta miƙe tsaye. Sannan ta sa shi ya haƙa rami mai zurfi, ya binne tsokar da sauran garin, ya wanke hannu tana tsaye a kansa. Ta ce a soya naman Malam Buhari, ita ta fara ci. Amma kwando bai tashi daga kan Hwara ba sai da aka kwashe suya aka share gida. "Shi ma maɗinkin," in ji ta, "ban ce na yarda da shi ba."

Na daɗe ina zaton tatsuniyar tana koya mana tsoron na waje ne. Sai da na riƙe gidana, na ga yadda hidimar Sallah ke ɗauke hankalin mutum, na gane ashe a kan tsohuwar nan take, wadda take son mussarta amma ba ta waiwaya ba. Dabba ba ta san Sallah ba, ƙamshi kawai take bi. Shi ya sa har yau, duk jajibiri, jikokina sukan same ni durƙushe a tsakar gida, ina duba ƙasa daga inda idon kyanwa yake gani.